Karatu Daga Nesa: Me Ya Sa Yake Ɗaga Wani Ɗalibi Ya Kayar da Wani?

Tun da aka fita daga kullen korona, karatu ta intanet bai koma inda ya fito ba. Jami'o'i da kwalejoji da yawa sun bar wasu kwasa-kwasansu a can, wasu sun buɗe digiri sukutum da ɗalibi zai gama bai taɓa taka harabar makarantar ba. Duk lokacin da wani abu ya hana zuwa aji, yaƙi ne ko ambaliya ko tsananin zafi, abin da hukumomi ke fara cewa shi ne a koma intanet. Iyaye da ɗalibai kuwa maganganu biyu suke ji masu karo da juna. Wasu na cewa bincike ya nuna babu wani bambanci tsakanin wanda ya yi karatu a aji da wanda ya yi ta kwamfuta. Wasu na cewa watannin da aka rufe makarantu sun bar giɓin da har yau ba a cike ba. Kowane ɓangare yana da alƙaluman da yake kafa hujja da su, kuma ba na ƙarya ba ne.

Inda maganar ke warwarewa shi ne a tambayi wane ɗalibi ake nufi. Ma'aikaci mai shekara 35 da ke neman digiri na biyu bayan ya tashi daga aiki, da yaro ɗan aji uku na firamare da bai gama iya haɗa baƙi ba, duka ana ce musu masu karatu daga nesa, amma abin da ke samun su ba iri ɗaya ba ne.

## Abubuwan da ake kira da suna ɗaya

Karatu daga nesa shi ne uwar kalmar: duk tsarin da malami da ɗalibi ba sa wuri ɗaya, ko ta wasiƙa ake haɗuwa, ko ta rediyo, ko talabijin, ko intanet. Karatu ta intanet reshe ne kawai, shi ma ya rabu biyu. Akwai na kai tsaye, inda malami da ɗalibai ke haɗuwa a lokaci guda ta manhaja irin Zoom ko Google Meet. Akwai kuma naɗaɗɗe, inda ake ɗora bidiyo da takardu, kowa ya buɗe lokacin da ya ga dama. Idan aka haɗa zuwa aji da darasin intanet, shi ne tsarin gauraye.

Akwai na huɗu da ya fi kawo ruɗani. A watan Maris na 2020 wasu masana fasahar koyarwa a Amurka, cikinsu har da Charles Hodges, sun ja hankali cewa abin da makarantu suka faɗa ciki a lokacin kulle sunansa koyarwar gaggawa daga nesa, kuma bai kamata a auna karatun intanet da shi ba. A cewarsu, kwas ɗin jami'a da aka tsara domin intanet kan ci wata shida zuwa tara ana shirya shi, alhali a 2020 kwanaki kaɗan aka ba malamai. Wannan bambanci yana da nauyi, domin masu kare tsarin sukan jingina duk mugun sakamako da gaggawar. Sai dai kamar yadda za a gani, wasu matsalolin sun riga korona, kuma an same su a kwasa-kwasan da aka shirya a tsanake.

## Daga gidan waya zuwa Zoom

A shekarun 1840 Isaac Pitman ya riƙa koyar da gajeren rubutu a Ingila ta hanyar wasiƙa: ɗalibi ya aiko da aikinsa, a gyara a mayar masa. A 1858 Jami'ar Landan ta buɗe jarrabawar digirinta ga waɗanda ba sa zaune a kwalejojinta. Jami'ar Afirka ta Kudu, UNISA, ta fara koyarwa daga nesa a 1946, sannan Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya, wadda aka kafa a 1969, ta karɓi ɗalibanta na farko a 1971 tana amfani da rediyo da talabijin na BBC.

Abu biyu suka haɗa waɗannan tsofaffin tsare-tsare. Manya aka yi su dominsu, mutanen da aiki ko nisa ko iyali suka hana zama a makaranta, kuma su da kansu suka nema. Sannan waɗanda suka ɗore ba su bar ɗalibi da littafi kawai ba. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya ta haɗa kowane ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa, ta kuma tanadi wuraren haɗuwa ido da ido.

Intanet ta zo da wani buri dabam, na koyar da dubun dubatar mutane da malami ɗaya. A 2011 Sebastian Thrun da Peter Norvig na Jami'ar Stanford suka buɗe darasinsu na ƙirƙirarriyar basira kyauta ga duniya. Mutum kusan 160,000 suka yi rajista, kimanin 23,000 suka kai ƙarshe. Shekarar da ta biyo baya aka buɗe dandalin kwasa-kwasan intanet na Coursera da edX da Udacity, aka yi ta cewa zamanin ajin bulo da siminti ya kusa wucewa. A 2013 Jami'ar San Jose State ta Kalifoniya ta gwada tsarin tare da Udacity a darussan lissafi, da niyyar taimaka wa ɗalibai masu rauni. Waɗanda suka ci a yawancin darussan ba su kai rabi ba, aka dakatar da gwajin cikin 'yan watanni. A 2019 Justin Reich da abokin aikinsa suka wallafa nazarin kwasa-kwasan Harvard da MIT a dandalin edX a mujallar Science: kusan kashi 3 cikin 100 na masu rajista ne ke kammalawa, adadin bai gyaru ba cikin shekara shida, kuma mafi yawan sabbin masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke.

Adalci ne a ce da yawan masu rajistar kwas na kyauta leƙowa kawai suka yi, ba su taɓa niyyar gamawa ba. Amma ko an cire su, darasin San Jose yana nan: waɗanda aka fi son a taimaka su ne suka fi faɗuwa.

## Abin da matsakaicin lissafi ke ɓoyewa

Hujjar da masu goyon baya suka fi kawowa ita ce rahoton da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta fitar a 2009, ta sabunta a 2010, wanda ya tattara bincike masu yawa ya gano cewa a matsakaici masu karatu ta intanet sun ɗan fi na aji, kuma tsarin gauraye ya fi duka. Rahoton da kansa ya yi gargaɗi biyu da ba a cika ambata ba. Yawancin binciken a kan manya da 'yan jami'a aka yi su, na yaran firamare da sakandare ƙalilan ne. Kuma a tsarin gauraye ɗalibai kan sami ƙarin lokacin karatu da ƙarin kayan aiki, don haka ba lallai na'urar ce ta jawo nasarar ba.

Da aka fara rarrabe ɗalibai gida-gida, hoton ya sauya. Di Xu da Shanna Jaggars sun bi sakamakon ɗaliban kwalejojin shekara biyu a jihar Washington, suka ga kowane rukuni yana raguwa idan ya koma intanet, amma raguwar ta fi tsanani ga ƙananan shekaru, da maza, da baƙaƙen fata, da waɗanda dama makinsu ƙasa yake. A 2017 Eric Bettinger da abokan aikinsa suka nazarci ɗalibai sama da 230,000 a wata babbar jami'a mai zaman kanta da ke koyar da kwas iri ɗaya a aji da kuma a intanet, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya. Ɗaukar kwas ta intanet ya rage maki da kusan 0.44 a ma'aunin da ke tsayawa a 4, ya kuma ƙara yiwuwar barin makaranta. Masu ƙoƙari ba su ji jiki sosai ba, masu rauni su ne suka kwashi kashinsu a hannu.

Ana iya cewa dama ɗaliban da ke zaɓar intanet masu ɗawainiya ne, shi ya sa. Wannan zargi ne ya sa gwajin da aka yi a makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point a 2020 yake da muhimmanci. An raba ɗaliban darasin tattalin arziki ta hanyar ƙuri'a, wasu a aji, wasu a intanet, malamai ɗaya ke koyar da ɓangarorin biyu. Waɗannan matasa ne masu horo, kowa da kwamfutarsa, ba matsalar wuta ba ta sabis. Duk da haka na intanet sun sami maki ƙasa da na aji, masu rauni cikinsu sun fi raguwa, kuma sun ce sun sha wahalar tattara hankali, sun ji sun yi nisa da malamai da abokan karatu.

A ɓangaren yara, cibiyar binciken ilimi ta CREDO da ke Stanford ta gano a 2015 cewa ɗaliban makarantun Amurka da ke koyarwa ta intanet zalla suna baya da takwarorinsu da abin da ya kai kwana 72 na karatu a fannin karanta rubutu, da kwana 180 a lissafi, a shekarar karatu mai kwana 180. Wato a lissafi tamkar ba su je makaranta ba a shekarar. Ƙasar Holan ma ta ba da misali mai tsoratarwa don tana cikin waɗanda suka fi shiri: intanet mai ƙarfi kusan a kowane gida, kullen korona na farko kuma na mako takwas ne kacal. Masu bincike na Jami'ar Oxford da suka duba sakamakon yara kimanin 350,000 sun ce yaran sun ci gaba kaɗan ne ko ma ba su ci gaba ba a zaman gida, kuma asarar 'ya'yan iyayen da ba su yi zurfin karatu ba ta fi ta saura da abin da ya kai kashi 60 cikin 100.

## Aikin da makaranta ke yi ba a lura ba

Me ya sa sakamakon ke karkata gefe ɗaya haka? Mutane kan ɗauka abin da makaranta ke bayarwa shi ne bayanin malami, saboda haka idan aka naɗi bayanin aka aika, an aika makarantar. Alhali bayani kaɗan ne daga cikin aikinta. Makaranta ce ke tayar da yaro da safe, ta ce masa ƙarfe kaza lissafi, ƙarfe kaza hutu. Ita ke ba shi kujera a ɗakin da ba a yin komai sai karatu, ta zaunar da shi cikin sa'o'insa da suka duƙufa, har kunya ta sa shi ma ya duƙufa. Ita ke ajiye babban mutum a gabansa da zai ga ya yi shiru ya tambaye shi lafiya. Duk wannan ba a rubuta shi a manhajar karatu ba, kuma ba a san da shi sai an rasa.

Idan aka koma nesa, waɗannan ayyuka ba sa ɓacewa, komawa suke kan ɗalibi da gidansu. Shi zai zama mai ƙararrawa, shi ne mai duba halarta, shi ne mai tsawatar wa kansa. Ɗalibin da ya riga ya iya tsara lokacinsa, ya san inda bai gane ba, ya iya rubuta tambaya ya aika, wannan zai ji daɗin 'yancin. Amma iya riƙe kai abu ne da ake koya a hankali, kuma a makarantar ake koyon mafi yawansa. Yaro ƙarami bai kai ba. Ɗan shekarar farko a jami'a, musamman wanda babu wanda ya taɓa yin jami'a a gidansu, yanzu yake lalube. Ga shi kuma na'urar da ake karatun da ita ita ce mai ɗauke da WhatsApp da TikTok da wasanni, taɓawa ɗaya ce tsakaninsu.

Darasi naɗaɗɗe ya fi fallasa wannan rauni. Abin da za a iya kallo kowane lokaci shi ne abin da ake ɗagewa zuwa gobe. Bidiyo uku su zama tara, tara su zama ashirin, ranar jarrabawa ta matso, ɗalibi ya duba tulin ya karaya. Ba ya zuwa ofis ya ce ya bar karatu, daina buɗe shafin kawai yake yi, kuma sau da yawa sai bayan makonni ake lura.

Michael Moore, masanin karatu daga nesa, ya daɗe da bayyana cewa tazarar da ke cutar da ɗalibi ta fahimta ce da ta mu'amala, kuma tana faɗaɗa ne gwargwadon ƙarancin zance tsakaninsa da malami. A aji malami na karanta fuskoki. Ya ga goshi ya tattare a layin baya, sai ya sake bayani da wani misali ba tare da kowa ya ɗaga hannu ba. A Zoom kuwa, malami na iya shafe minti 40 yana magana da baƙaƙen akwatuna masu ɗauke da sunaye, kyamarori a kashe, makirufo a rufe. Ya ce, "An gane?" Shiru. Ya sake tambaya, mutum biyu su rubuta "eh" a gefe, su ne dai biyun da kullum ke amsawa. Bai san ko sauran suna rubutu ba ne, ko sabis ya yanke musu, ko sun ajiye wayar sun shiga wata hidima. Mai kunya da ba zai iya katse malami a gaban mutum hamsin ba, a da yana da damar raɗa wa na kusa da shi, ko ya tare malami a bakin ƙofa bayan an tashi. Waɗannan ƙananan ƙofofi ne intanet ta rufe.

Kunna kyamarar ma ba magani ba ne gaba ɗaya. Jeremy Bailenson na Stanford ya yi bayani a 2021 kan gajiyar da dogon taron bidiyo ke jawowa: fuskoki kusa-kusa suna kallon mutum ba ƙiftawa, ganin kai a allo tamkar an riƙe madubi, zama wuri ɗaya don kada a fita daga kyamara, da ƙarin wahalar fassara motsin jiki ta ƙaramin hoto. Akwai kuma ɗalibin da ke kashe kyamara don ba ya son 'yan ajinsu su ga ɗakin da yake kwana.

## Waya ɗaya, mutum biyar

Duk bayanin da ya gabata ya ɗauka cewa ɗalibi ya samu ya shiga. Miliyoyi ba su kai nan ba. A watan Afrilun 2020 UNESCO ta ƙiyasta rufe makarantu ya shafi ɗalibai kusan biliyan 1.6 a ƙasashe sama da 190. A watan Agusta UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463, kusan ɗaya cikin uku na 'yan makaranta a duniya, babu wani nau'in karatu daga nesa da ya kai gare su, ko na rediyo ko na talabijin, kuma uku cikin huɗu nasu a karkara suke. A ƙarshen shekarar UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya ITU suka ce yara biliyan 1.3 masu shekara 3 zuwa 17 ba su da intanet a gida.

Su ma waɗanda ake lissafawa cikin masu intanet, lissafin yana rufe abubuwa. A ɗauki yarinya mai shekara 14 a gidan da babbar waya ɗaya ce, ta uba, kuma da ita yake fita nema. Darasin lissafi ƙarfe 10 na safe ne, don haka naɗaɗɗen take kallo da dare, bayan ƙannenta biyu sun yi nasu, caji ya kusa ƙarewa. Malamin yana warware lissafi a allo, lambobin sun yi ƙanana a fuskar wayar. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, rabin layin ya fita daga gani. A mataki na uku ta ɓace. Ta mayar da bidiyon baya, ya tsaya yana juyawa, data na tafiya. Babu wanda za ta tambaya a gidan. A rajistar makaranta an rubuta ta kalli darasin.

Karanta shafuka 30 ko rubuta doguwar maƙala a waya ba daidai yake da yin sa a kwamfuta ba. Darasin bidiyo kai tsaye yana cin data fiye da komai, kuma nauyin sayen ta ya tashi daga kan makaranta ya koma kan iyaye. A yankin Afirka kudu da Sahara mutum kusan miliyan 600 ba su da wutar lantarki. Idan kuma na'ura ta yi ƙaranci a gida, ko aiki ya yi yawa, 'ya mace ce aka fi cewa ta haƙura.

Irin wannan rashin daidaito na cikin abin da ya sa Kenya ta sanar a watan Yulin 2020 cewa ta soke shekarar karatun firamare da sakandare, kafin daga baya ta sake tsari. Yuganda ta rufe makarantu daga Maris 2020 har Janairun 2022, kusan shekara biyu. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, yara 'yan shekara 10 da ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi sun ƙaru daga kashi 57 zuwa kimanin kashi 70 cikin 100.

## Abin da sai hannu ya taɓa

Wasu fannoni ba sa shiga waya. Mai koyon jinya sai ya laluba jijiya a hannun mutum, mai koyon walda sai ya ji zafin ƙarfe, ɗalibin kimiyyar sinadarai sai ya zuba ya ga launi ya juya. Manhajojin kwaikwayo suna taimakawa wajen shiri, amma hukumomin da ke ba da lasisin irin waɗannan sana'o'i sukan nemi sa'o'in aiki a aikace.

Ga masu buƙata ta musamman lamarin kaifi biyu ne. Mai keken guragu ya huta da matakala da wahalar hanya, wanda hayaniyar aji ke rikita shi ya sami natsuwa. A ɗaya gefen, kurma na buƙatar rubutun magana a ƙasan bidiyo ko mai fassara da hannu, makaho na buƙatar takardar da manhajarsa za ta iya karanta masa, kuma takardar da aka ɗauki hotonta aka ɗora ba ta karantuwa. Yaron da ke buƙatar mai taimako a gefensa, a gida uwa ce ke zama wannan mataimaki, ko ta iya ko ba ta iya ba.

## Jarrabawa da amana

Tun kafin fitowar ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsa, a watan Nuwamban 2022 makarantu ke fama da tambayar wa ya rubuta amsar. Maganin da aka kawo shi ne manhajar sa ido, mai kallon ɗalibi ta kyamara tana lura da motsin idonsa. Ita ma ta zo da nata. Wanda sabis ya yanke masa, ko ƙaninsa ya shigo ɗakin, ana iya yi masa alamar maguɗi. An sami ƙorafe-ƙorafen ɗalibai baƙaƙen fata da manhajar ta kasa gane fuskarsu. A 2022 wani alƙalin kotun tarayya a jihar Ohio ya yanke hukuncin cewa tilasta wa ɗalibin wata jami'ar gwamnati ya zagaya da kyamara cikin ɗakinsa kafin jarrabawa ya saɓa wa kundin tsarin mulkin Amurka. Idan kuma aka sassauta sa idon, darajar takardar shaidar ce ke zubewa a idon masu ɗaukar aiki, mai gaskiya ya biya bashin da bai ci ba.

## Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu kare tsarin suna da magana mai ƙarfi, kuma mafi ƙarfinta ita ce tambayar da me ake kwatantawa. Ga uwa mai goyo, da ma'aikacin da ba zai bar aikinsa ba, da mazaunin wurin da babu jami'a kusa, zaɓin da ke gabansu karatu daga nesa ne ko babu karatu sam. 'Yan matan Afganistan da aka hana sakandare tun 2021 da jami'a tun Disamban 2022, ajin intanet na cikin 'yar tagar da ta rage musu. A ajin da ɗalibai ɗaruruwa ke cunkushe, na baya ba ya jin malami, bidiyon da za a tsayar a maimaita ya fi masa amfani.

Suna kuma cewa bai dace a ɗora wa intanet duk koma bayan shekarun korona ba, tunda ga rashin lafiya, ga mutuwa, ga rasa aiki a gidaje. Jarrabawar PISA ta 2022, mai auna ɗalibai a ƙasashe da dama, ta nuna makin lissafi a ƙasashen ƙungiyar OECD, waɗanda yawancinsu masu arziki ne, ya faɗi da kusan 15 idan aka kwatanta da 2018, amma ƙungiyar da kanta ta ce maki a wasu fannoni ya fara zamewa tun kafin annobar.

Masu suka ba su musanta wannan ba. Abin da suke nunawa shi ne karatun intanet mai inganci, mai ƙananan rukunai da malamin da ke bibiyar kowa, ba shi da arha. Wanda ke da arha shi ne na malami ɗaya da ɗalibai dubu, kuma shi makarantu suka fi karkata gare shi idan kuɗi ya yi ƙaranci. Ta haka ake iya wayar gari da tsari mai hawa biyu: masu hali suna aji da malami a gabansu, marasa hali suna gaban allo.

## Abin da ya shafi ɗalibi da iyaye

Ga wanda ke tunanin shiga, tallar makaranta ba za ta gaya masa abin da ya fi buƙatar sani ba. Adadin waɗanda suka yi rajista ba ya nuna komai, na waɗanda suka kammala shi ne abin tambaya. Sai kuma ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya, kwana nawa ake ɗauka kafin a amsa tambaya ko a dawo da aikin da aka duba, ko akwai wurin haɗuwa da ɗakin gwaje-gwaje, da ko hukumar da ke kula da fannin ta amince da takardar. Kuɗin makaranta na iya zama ƙasa, amma data da na'ura da wuta suna kan ɗalibi, kuma wanda ya bari a tsakiya ya yi asarar kuɗin bai sami takarda ba. A gidan da yaro ƙarami ke karatu daga nesa, dole wani babba ya zauna kusa da shi, wanda ke nufin wani ya rage fita nema.

Wani gwaji da aka yi a Botswana lokacin kulle ya nuna inda maganin ya fi karkata. Noam Angrist da abokan aikinsa sun raba gidaje kusan 4,500 rukuni-rukuni. Wasu an riƙa aika musu da tambayoyin lissafi ta saƙon tes kowane mako. Wasu kuma, bayan saƙon, wani malami kan kira wayar gidan ya yi minti 15 zuwa 20 yana bi da yaron ta kan tambayoyin, iyaye na saurare. Saƙon shi kaɗai bai kawo wani canji a koyon yaran ba. Waɗanda aka haɗa musu da kira sun ƙaru a lissafi, da ƙaramar waya mara intanet. Daga baya an maimaita tsarin a Indiya, Kenya, Nepal, Filifin da Yuganda, aka sake ganin ci gaba.